Tunau da Jeren Inna a Kasuwar Waya

A ƙauyen Rafin Gamji, a gidan da ke daura da rijiyar burtsatse, mutum biyu ne kacal: Tabawa da ƙanenta Tunau. Tabawa mijinta ya rasu, ta dawo gidan iyayenta da injin markaɗe guda ɗaya, kuma da injin nan suke ci, da shi suke sha. Tunau kuwa ya haura talatin, ƙato ne mai fara'a da ladabi, har firamare ya gama, yana karanta Hausa yana rubutawa. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya jira ka a gindin bishiya ka manta da shi, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya a nan za ka dawo ka same shi. Mutanen gari wawa suke ce masa. Ni ban cika son kalmar ba, don na ga masu wayo da yawa da ba su kama ƙafarsa a riƙon amana ba, amma in na ce yana da dabara na yi ƙarya.

Akwai kuma ɗakin Inna, mahaifiyarsu. Tun da ta rasu ba a kwana a cikinsa, sai dai Tabawa ta buɗe ta share. A bangon ɗakin akwai jeren aurenta na kwanonin da: kwalla da samira da langa da fanteka da tasoshi, manya a ƙasa, ƙanana a kansu, tun daga daɓe har kusa da rufi. Yadda Inna ta jera su da hannunta haka suke.

Ana nan sai inji ya yi tari ya tsaya cak. Bakanike ya kwance shi ya ce sai an canza fistin da ringi, ya faɗi kuɗin da ya sa Tabawa ta nemi wuri ta zauna. Matan da ke kawo mata markaɗen wake da tattasai suka fara ɗaukar bokitansu zuwa ƙauyen gaba. Ta duba gidan sama da ƙasa, ba abin sayarwa sai kwanonin Inna, kuma a kasuwar ƙauye ba mai kallon tsohon kwano yanzu, kowa roba yake nema.

Sallau mai cajin waya, wanda kuma a wurinsa ake cirar kuɗi, shi ya kawo shawara.

"Yaya Tabawa, ai kasuwa yanzu ta koma cikin waya. Ba 'yarki da ke gidan miji ta aiko miki da babbar waya ba? A ɗauki hoton kwano a ɗora, mutanen birni su gani su saya."

"Kyauta?"

"Ina fa kyauta! Duk abin da aka kasa sai an biya kuɗin kasawa. In an saya su cire kasonsu, da wani ɗan kuɗi da ba ya canzawa, ko allura kika sayar ko mota. In za ki ciro kuɗinki ma akwai nasu."

"Su da ba su da ko rumfa?"

"Ai su ne rumfar."

Tabawa ba ta karatun boko, don haka aikin ya faɗo kan Tunau. Ta kwance bakin zanenta ta ba Sallau ɗan abin da ta ajiye ya zuba a wayar, ta shiga ɗakin Inna ta sauko da samira ɗaya, ta daɗe tana riƙe da ita kafin ta miƙa.

Wata rana Sallau ya koya wa Tunau yadda ake ɗora kaya, ya ƙara da cewa, "Ka nuna kwanon ta kowane ɓangare, mai saye yana son ya ga komai." Tunau ya ce to. Ya kai samira tsakar gida ya ɗauke ta ta gaba ya kasa, ya biya. Ya juya ta ya ɗauki bayanta ya kasa daban, ya biya. Ya kifa ta ya ɗauki gindin, ya ɗauki cikin, ya ɗauki murfin ta sama da ta ƙasa, kowanne da kasawarsa, kowanne da kuɗinsa. Kafin la'asar samira ɗaya ta zama shago guda, kuɗin bakin zane kuma ya yi rabi. Mata uku a birni suka saya kusan lokaci guda, ɗaya ta sayi gaban, ɗaya bayan, ɗaya gindin. Da waya ta fara ruri, Tunau ya kai wa yayarsa labari yana murna.

"Yaya, an saye samira sau uku!"

"Samira nawa gare ka?"

"Ɗaya."

"To sauran biyun me za ka ba su?"

Ya ce, "Wadda ta sayi gindin ai gindin ta gani."

Dole aka mayar wa biyu kuɗinsu. Kasuwar waya kuwa ba ta mayar da ko sisi daga kuɗin kasawa ba, ta ce ita ta yi nata aikin.

Wata rana Tabawa ta sauko da fanteka mai ɗan ɓantare a baki, ta ce, "Ka ji tsoron Allah, kar ka ɓoye wa mutane komai game da ita, ka faɗi gaskiya." Tunau ya zauna a inuwa ya ciji harshe ya fara rubutu. Ya rubuta ɓantaren, ya rubuta cewa shi ya yar da ita yana yaro kuma an zane shi. Ya rubuta cewa akuyarsu ta taɓa shan ƙasari a ciki lokacin da take zawo. Ya rubuta cewa an taɓa jiƙa wa Baba ƙafa a cikinta da kunama ta harbe shi. A ƙarshe ya ƙara da cewa, "Yaya ta ce a kasuwarmu ko kyauta ba mai ɗauka, amma wai 'yan birni ba su sani ba." Ranar mutanen birni sun sha dariya, suka riƙa tura wa juna rubutun. Wani ya taya fantekar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, Tunau ya sallama, tunda ba a ce masa ya yi ciniki ba. Da kasuwa ta cire kasonta, ta cire ɗan kuɗin nan da ba ya canzawa, abin da ya rage bai wuce na ashana da gishiri ba. Tabawa ta kalli gurbin fantekar a bango, ta kalli ashanar, ta ce ita ba ta taɓa jin inda dillali ya fi mai kaya samu ba.

Wata rana wani mutum a birni ya sayi langa. Al'adar masu sayarwa ita ce a kai kaya tasha a ba direba, a ba shi lambar mai saye. Amma Tabawa da ta naɗe langar a tsumma sai ta ce, "Ka tabbata ta shiga hannun mutumin nan, kar a zo ana ce mana ba ta isa ba." Tunau ya je tasha, direba ya miƙo hannu, ya ce a'a, ba hannunka ba ne. Ya biya kuɗin kujera ya shiga mota da langa a cinya. A birni ya yi ta tambaya har ya gano gidan, ya yi sallama. Matar gidan ta aiko a karɓa, ya hana. Ta leƙo da kanta ta bayan ƙofa.

"Bawan Allah, ni ce matarsa. Ni ma ya saya wa."

"Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya. Hannunsa aka ce."

Ya zauna a dakalin ƙofar gida tun azahar har mutumin ya taso daga aiki. Tunau ya sa shi ya buɗe tafin hannu, ya ɗora masa langar, ya tsaya ya duba da kyau ya ga lallai ta shiga. Mutumin kirki ne, ya ba shi abinci ya raka shi tasha. Sai dai kuɗin mota zuwa da dawowa ya ninka kuɗin langar, kuma kasuwa ta riga ta ciri nata tun yana hanya.

Wata rana Tabawa ta ce ta gano bakin zaren. "Tunda cirewa suke yi, duk abin da za su cire ka ɗora shi a kan farashi, mai saye ya biya." Wannan magana ce mai hankali, ni ma da ita zan ba da shawara. Tunau ya ɗauki wata 'yar tasa, ya duba abin da za a cire, ya ɗora a kan kuɗin. Da ya sake dubawa sai ya ga abin cirewar ya ƙaru, tunda kaso ne, yana bin farashi. Ya ɗora ƙarin. Ya duba, ya sake ƙaruwa. Ransa ya ɓaci, ya fara ɗorawa da ninki don ya riga su, su kuma suna biye da shi kamar kaza da mai shanyar gero. Ya manta da abincin rana. Da Sallau ya leƙa wayar da yamma, 'yar tasar da ba ta cin tuwon yaro ta kai kuɗin bijimi. Wani ya bugo yana tambaya ko ta zinariya ce.

"Ta ƙarfe ce," in ji Tunau. "Kuma ka yi sauri, don ban gama ɗorawa ba."

Tasar ba ta sayu ba, kuɗin kasa ta kuma ya bi 'yan uwansa.

Wata rana Tabawa ta ji mata suna hira a rijiya cewa ɓarayi na kwashe kuɗi daga cikin waya. Hankalinta ya tashi, ta ce wa Tunau, "Duk abin da ya shigo, ka ciro shi nan take, kar ka bar musu ko kwabo ya huta a ciki." A makon nan an sayar da ƙananan kwanoni da dama, irin na miya da na sha. Ko wane ɗan kuɗi ya faɗo, Tunau sai ya zura da gudu wurin Sallau. Kasuwa ta ciri kuɗin fitarwa, Sallau ya ciri ladan na'urarsa. Sallau ya ce masa ya bari su taru mana a cire gaba ɗaya, Tunau ya ce ba haka aka ce ba. Na ƙarshen da ya ciro, abin da ya saura bai kai a ba shi takardar kuɗi ba, sai Sallau ya ba shi alewa biyu. Ya kawo wa yayarsa a tafin hannu.

"Mene ne wannan?"

"Kwanon shan Inna ne, mai fure ja."

Tabawa ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi sauƙi. Ta shiga ɗakin Inna ta tsaya. Bangon ya yi giɓi nan da can kamar bakin tsoho. Ta kwance bakin zane ta duba abin da aka tara tun farkon cinikin, ko belin inji ba zai saya ba, balle fistin. Ga kwanonin sun tafi, ga inji a kwance, ga masu markaɗe sun fara sabawa da hanyar ƙauyen gaba. Ta zauna a bakin gadon Inna ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun ranar rasuwar Inna. Tunau ya tsugunna a bakin ƙofa da alewarsa, shi ma idonsa ya kawo ruwa, ko da yake bai gane laifin da ya yi ba.

Da ta share hawaye ta ce, "Daga yau kar ka ƙara taɓa ko kwano ɗaya a ɗakin nan. Kar ka bari kowa ya taɓa. A bar su yadda Inna ta jera su."

Ya ce to.

Ita a ranta an rufe kasuwa ke nan. Ta manta tun ranar farko ta ce masa kar ya daina kasa kaya sai an samu kuɗin inji, kuma ba ta janye wannan ba. Tunau kuwa ba ya manta umarni.

Wata rana, bayan kwana biyu da wannan, ya tsaya a ƙofar ɗakin da safe rana na shigowa, hannunsa ɗaya a baya don kar ya yi kuskure. An ce a kasa, an kuma ce kar a taɓa. Sai ya ɗauki bangon gaba ɗaya a hoto guda, da gadon ƙarfen Inna da tabarmarta, ya kasa da ragowar kuɗin wayar. Ya rubuta: "Jeren Inna. Ba a taɓawa." Wurin farashi ya rasa abin da zai sa, ya bari a kan sai an yi magana.

Da hantsi wata mata ta bugo. Ta ce sunanta Rumasa'u, sana'arta ɗaukar hoton amare a birni, kuma amaren yanzu sun fi son a ɗauke su a ɗaki irin na kakanninsu, ta yi yawon neman cikakken jere har ta gaji.

"Nawa za ka sayar mini duka?"

"Ba a taɓawa."

"To ta yaya zan kwasa?"

"Ba a kwasa."

"Ikon Allah. To me kake sayarwa, malam?"

Tunau ya yi tunani iyakar ƙarfinsa. "Yaya ta ce in kasa. Ta kuma ce kar a taɓa."

Rumasa'u ta yi dariya har da tari. Ta ce to ko za ta iya zuwa da amarya a yi hoto a gabansu, ba tare da an taɓa ba? Tunau ya ce ba a hana wannan ba. Sai dai makonnin nan sun koya masa abu ɗaya game da ciniki, kuma ya ɗauka haka dokar duniya take.

"Akwai kuɗin nunawa," ya ce. "Akwai na tsayuwa a ciki. In za a fita da hoton ma akwai nasa."

"Wa ya koya maka wannan?"

"Kasuwa. Ita ma haka take yi mana, kuma ba ta taɓa ɗaga kwano ba."

Ta tambaye shi nawa ke nan gaba ɗaya. Kuɗi ɗaya Tunau ya sani a duniya wanda ya fi na kwano, shi ne wanda bakanike ya faɗa, don kullum sai ya ji yayarsa ta ambace shi. Shi ya faɗa mata. Ta ce ya yi yawa a zuwa ɗaya, amma tana da amare a jere har bayan Sallah, in ya yarda kuɗin ya zama na zuwa huɗu, za ta biya duka ta cikin kasuwar ranar zuwan farko. Ya ce ba a hana wannan ba.

Duk wannan Tabawa ba ta sani ba, don ba ta tambaya ba, shi kuma ba a ce ya faɗa ba. Ranar Asabar tana tsakar gida tana tsince wake ta ji motoci sun tsaya a ƙofa. Ta ɗauka masu samira ne suka biyo sawu. Sai ga mata suna sallama, ga amarya cikin saƙi da murjani, ga Rumasa'u da na'urar hoto a wuya, ga wata tsohuwa, kakar amaryar, ana riƙe da hannunta. Tunau ya riga su zuwa ƙofar ɗakin Inna ya tsaya ya buɗe hannuwa.

"A shiga da bismilla. Ba a taɓawa."

Rumasa'u ta durƙusa ta gaida Tabawa ta yi mata bayani. Tabawa ta saurara baki buɗe, ta sa aka maimaita mata wurin kuɗin. Ta aika aka kira Sallau ya duba wayar. Ya ce gaskiya ne, kuɗi sun shigo, kasuwa ta ciri kasonta da ɗan kuɗin nan nata da ba ya canzawa, amma wannan karon sau ɗaya ta cira, kuma a jikin kuɗi mai kauri ko alamarsa ba a gani. Abin da ya rage, in aka haɗa da na bakin zane, ya isa fistin da ringi har da ladan bakanike.

"Su ci," in ji Tabawa. "Yau kam na yafe musu."

Abin da ya dame ta giɓin bangon ne, ta fara ba da haƙuri tana cewa da an zo wata guda da ya wuce da an ga jere. Tsohuwar ba ta ma ji ta ba. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana nuna kwanonin da sandarta daga nesa, tana kiran sunan kowanne, tana faɗin wanda aka yi mata irinsa da wanda ta so ba ta samu ba. Ta ce nata jeren, 'ya'yanta sun ba masu sayen gwangwan tun tuni, ba su ko tambaye ta ba. Ta juyo ta ce wa Tabawa, "'Yar nan, wanda ya rage ki riƙe shi." Tabawa ta gyaɗa kai.

Aka tsayar da amarya daidai inda giɓin ya fi faɗi, ta rufe shi ruf, aka yi ta hoto har azahar. Tunau bai matsa daga bakin ƙofa ba. Sau ɗaya gefen mayafin wata ƙawar amarya ya kusa shafar kwalla, ya yi gyaran murya da ƙarfi har ta zabura.

Ranar Litinin bakanike ya ɗaura kaya, inji ya tashi da ƙarar da aka ji har bakin kasuwa, kafin la'asar bokitan wake sun dawo layi a ƙofar gida. Da aka tashi daga aiki Tabawa ta wanke hannu, ta ɗauko tsumma biyu ta shiga ɗakin Inna, don akwai wata amaryar ranar Asabar kuma ƙura ta hau kwanonin. Ta miƙa wa Tunau ɗaya. Ya mayar da hannuwansa baya.

"Kin ce kar in taɓa."

"Na janye. Taɓa, ɗan Inna, naka ne kai ma. Amma a hankali."

Ya karɓi tsumman, ya ɗauki wata ƙaramar langa da hannu biyu, ya zauna a ƙasa ya fara gogewa a hankali. Tabawa ta gama layin sama, ta gama na tsakiya, ta gama na ƙasa, aka kira sallar magariba, shi yana kan langar nan guda ɗaya. Ta buɗe baki za ta ce ya yi sauri, sai ta fasa. Ta zauna kusa da shi ta jira ya gama.